Shirin Musamman: Fansa Daga Saman Gobarau

Yau daga gindin hasumiyar Gobarau muke gaishe ku, a tsakiyar birnin Katsina. Duk wanda ya taka matakalarta ta ƙasa ya kai sama, zai gane abin da ya sa ake cewa daga nan dakaru kan hangi ƙurar mahara. Ku juya fuska arewa, ku saurara.

Wajen shekarar 1600, marubucin Ingila Shakespeare ya rubuta wasan Hamlet. Yariman Danmak ne, baffansa ya ɗura wa mahaifinsa guba a kunne, ya haye gadon sarauta, ya kuma aure uwarsa. Hamlet ya ɗauki alwashin fansa, amma yau da gobe ta hana shi. Ya yi haukan ƙarya don ya bugi cikin fadawa. Ran nan ya tarar da baffan a durƙushe yana addu'a, ya zare takobi, sai ya mayar kube, don kada ya aika maƙiyinsa lahira yana cikin tuba. Da ranar ta zo, shi da baffan da uwar duk suka mutu, yariman Norway ya tarar da gadon ba kowa.

Mu ma mun san wannan zafin. A 1807 mayaƙan jihadi suka ci Katsina, mulki ya koma hannun Malam Ummarun Dallaje. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, ana kiransa Sarkin Katsina. Su kam ba su yi jinkirin Hamlet ba. Wani sarkinsu, Ɗan Baskore, ya yi shekaru yana kawo hari, ƙauyuka suka watse, manoma suka bar gonaki, amma birnin bai koma hannunsu ba.

A 1903 Turawan Ingila suka iso Katsina, daga baya Maraɗi ta faɗa rabon Faransa. Aka ja iyaka tsakanin wa da ƙane. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jama'a, an ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Gaskiya ne, amma wa ke cin ribarta? Mai jinkiri da mai gaggawa duk baƙo ya gaje su. Kafin ka zare takobi a kan ɗan'uwanka, hau Gobarau tukuna, ka duba wanda ke jira a bakin ƙofa.

Mu kwana nan. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.