Wadan Lemur na Madagaska: Yadda Nau'i Biyu Suka Zama Wajen Goma

Wanda ya buɗe littafin dabbobi da aka buga a shekarun 1980 zai tarar an ce wadan lemur nau'i biyu ne kacal. Littafin da ya fito bayan shekarar 2000 zai ce bakwai. A 2009 wasu masana a Jamus suka ce su uku suka iya tabbatarwa. Yau lissafin da aka fi amfani da shi yana kawo tara ko goma. Mai karatu na iya zaton masanan ne ba su san abin da suke yi ba, amma kowane adadi a cikin waɗannan yana da dalilinsa, kuma bin dalilan ɗaya bayan ɗaya yana nuna yadda ake raba halittu aji-aji tun daga tushe.

Da farko, ita dabbar. Lemur dangin biri ce ta nesa, kuma a tsibirin Madagaska take, can gabas da Mozambik, inda teku mai faɗin kilomita wajen 400 ya raba shi da nahiyar Afirka. Wadan lemur na daga cikin ƙananansu. Jikinsa bai fi tsawon tafin hannu da ɗan ƙari ba, wutsiyarsa ma kusan haka, yana da manyan idanu da baƙin zobe kewaye da su, ga gajerun ƙafafu. Da dare yake fita, yana bin rassan itatuwa a hankali yana cin 'ya'yan itace da ruwan fure da ƙwari. Mutanen yammacin tsibirin suna kiran wani nau'insa matavirambo saboda kaurin wutsiyarsa, a gabas kuwa ana jin sunan tsitsihy.

Tsarin da masana ke bi wajen jera halittu ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, kuma bugu na goma na littafinsa, wanda ya fito a 1758, shi ne mafarin sunayen dabbobi na kimiyya. Ana farawa daga babban taro a yi ta tsukewa. Wadan lemur dabba ce mai shayarwa. A cikin masu shayarwa tana rukunin da ya haɗa birai da goggon biri. Wannan rukuni ya rabu gida biyu: masu busasshen hanci, irin jan birin da muka sani a dazukanmu, da masu danshin hanci. Lemur tana cikin na biyun, tare da wata ƙaramar dabbar dare mai manyan idanu da tsalle, wadda masana ke kira galago, wadda ake samu har a dazukan arewacin Nijeriya. Daga nan sai dangi, wanda aka ba suna Cheirogaleidae. Jinsi biyar ke cikinsa: Microcebus, Mirza, Allocebus, Phaner da Cheirogaleus. A cikin Microcebus ne ake samun mafi ƙanƙantar dangin biri a duniya, mai nauyin giram 30 ko kusa da haka. Na ƙarshen, Cheirogaleus, shi ne namu. Kowane nau'i a ƙarƙashinsa yana ɗauke da suna biyu, na jinsi a gaba, nasa na kansa a baya. Har zuwa nan babu wata gardama. A matakin ƙarshe, na nau'i, ake samun saɓani.

Wanda ya raɗa wa jinsin suna shi ne Bafaranshe Étienne Geoffroy Saint-Hilaire, a 1812, kuma da zane ya yi aiki, zanen da aka samu a takardun Philibert Commerson, masanin tsirrai da ya ziyarci Madagaska kuma ya rasu tun 1773. Geoffroy ya fitar da nau'i uku bisa girma: major babba, medius matsakaici, minor ƙarami. Daga baya aka gane ƙaramin ɗan wani jinsi ne daban, wato Microcebus. A sauran ƙarni na 19 Turawa masu tara dabbobi suka yi ta aika fatu da ƙoƙon kai zuwa gidajen tarihi na Paris da Landan, kowa na raɗa suna. Alfred Grandidier ya kawo adipicaudatus a 1868 da crossleyi a 1870. Forsyth Major ya kawo thomasi a 1894 da sibreei a 1896, na biyun don girmama James Sibree, ɗan mishan da ya daɗe a tsibirin yana rubutu a kan halittunsa. Sunaye suka yi yawa, wasu ma dabba ɗaya ce ta sami biyu. A 1931 Ernst Schwarz ya tattara su duka ya mayar da su nau'i biyu: medius a busassun dazukan yamma, major a dazukan gabas masu yawan ruwan sama. Haka aka zauna kusan shekara saba'in.

Akwai abin da ya sa wannan dabba ta fi sauran wahalar tantancewa, kuma shi ne mafi ban mamaki a rayuwarta. Lokacin damina, wadan lemur na ci ba ƙaƙƙautawa yana tara kitse a wutsiya, kamar yadda raƙumi ke tarawa a tozo, har kitsen ya kai kashi 40 cikin ɗari na nauyin jikinsa. Idan rani ya shigo, daga wajen Afrilu, sai ya shige kogon itace ya kwanta. Kathrin Dausmann da abokan aikinta sun bi medius a dajin Kirindy, kusa da Morondava, suka wallafa a 2004 cewa yana iya yin wata bakwai a wannan dogon barci. Bugun zuciyarsa na sauka daga wajen 200 a minti ɗaya zuwa ƙasa da goma. Zafin jikinsa kuma yana bin na kogon, ya hau da rana ya sauka da dare. Kafin wannan bincike ana ganin irin wannan barci na dabbobin ƙasashen ƙanƙara ne. A 2013 Marina Blanco ta nuna cewa crossleyi da sibreei na dajin Tsinjoarivo, a kan tsaunukan gabas, a cikin ƙasa suke binne kansu, ƙarƙashin saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye.

Duba abin da wannan ke jawo wa mai bincike. Rabin shekara dabbar ba ta ganuwa ko kaɗan. Sauran rabin kuma sai da dare, a saman itace, da fitila a goshi. Idan an kama ta a watan Maris tana da ƙiba, idan a Nuwamba ne ta rame, har mutum ya rantse dabbobi biyu ne. Launin gashi na dusashewa a fatar da ta shekara ɗari a akwati. Wata fatar ma takardar da ke manne da ita ba ta faɗi komai ba sai sunan tsibirin.

Duk da haka, a kan waɗannan fatu Colin Groves na Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ya koma. Ya auna ƙoƙon kai da haƙora, ya duba kunnuwa da launi, ya fito a 2000 da nau'i bakwai. Ya dawo da adipicaudatus da crossleyi da sibreei, ya ƙara sababbi biyu, ravus da minusculus. Bambancinsa da Schwarz bai tsaya ga awo ba, ya kai ga ma'anar nau'i ita kanta. Tsohuwar fahimta, wadda Ernst Mayr ya yaɗa tun 1942, ta ce nau'i shi ne taron da ke haihuwa a tsakaninsa, ba ya haihuwa da waninsa. Wannan ma'auni yana da kyau, sai dai ba ya gwaduwa ga dabbobin da kogi ko tsauni ya raba, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Groves yana tare da masu cewa duk taron da ke da wata alama tabbatacciya da ake gada, wadda babu ita a sauran, nau'i ne. Da wannan ma'auni dole adadi ya ƙaru, kuma ya ƙaru a dukkan lemur: daga wajen hamsin a shekarun 1990 zuwa fiye da ɗari. Ian Tattersall, wanda ya daɗe yana nazarinsu, ya yi rubutu a 2007 yana tambaya ko wannan ganowa ce ta gaskiya ko kumbura lissafi.

Sai aka koma ga ƙwayoyin gado. Ana yankar ɗan guntun fatar kunne, a saki dabbar, a karanta jerin DNA ɗinta, a kwatanta da na wasu. Linn Groeneveld da abokan aikinta a cibiyar nazarin birai ta Göttingen suka haɗa samfurin daji da na gidajen tarihi, suka ga rassa uku ne bayyanannu: medius, major da crossleyi. Ravus ya narke a cikin major, adipicaudatus ya narke a cikin medius. Shekara guda bayan haka, a 2010, suka tabbatar da na huɗu, kuma a ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk labarin. A Tsinjoarivo an sami sibreei, wanda aka shafe fiye da ƙarni ba a tabbatar da ganinsa da rai ba, yana zaune a daji ɗaya da crossleyi. Wuri ɗaya suke, amma siffarsu daban, gadonsu daban, babu alamar cuɗanya. Nan ma'aunin Mayr da na Groves suka yi ittifaƙi.

Bayan wannan ne sababbin sunaye suka biyo. A 2013 Dana Thiele da Emilienne Razafimahatratra da Andreas Hapke suka bayyana lavasoensis daga tsaunukan Lavasoa a ƙarshen kudu, wanda da farko aka ɗauka crossleyi ne. Ayarin Edward Louis na gidan namun daji na Omaha a Amurka ya tara samfuri daga sassan tsibirin da dama, ya dawo da thomasi, sannan ya kawo andysabini daga Montagne d'Ambre a 2015, da shethi daga Ankarana a 2016, da grovesi daga Ranomafana da Andringitra a 2017, shekarar da Groves ya rasu. Biyu daga cikin waɗannan sunayen na attajiran da ke tallafa wa aikin kare dabbobi ne, abin da ya zama ruwan dare a wannan fage.

DNA ma tana da tarkonta. Sashen da ya fi sauƙin karantawa ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Idan mata ba sa nisa da inda aka haife su, maza ne ke yawo, to wannan sashe zai nuna kowane daji da nasa reshe, alhali jini na gudana tsakaninsu ta wajen maza. Haka kuma idan mai bincike ya ɗauki samfuri daga arewa da kudu ya tsallake tsakiya, zai ga rata inda wataƙila a hankali siffa ke sauyawa. Shi ya sa na fi natsuwa da sunan da hujja uku suka tsaya masa: gadon uwa, gadon iyaye biyu, da siffar jiki. Minusculus misali ne na akasin haka. Fata ɗaya ce tak, daga Ambositra, tana ajiye a Landan, kuma a kanta sunan ya dogara, dalilin da ya sa wasu ke ƙirga shi wasu ke barinsa, lissafi ya zama tara a wani littafi goma a wani.

Wannan muhawara tana da tasiri a wajen ɗakin bincike. Ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, nau'i-nau'i take aunawa, kuma kuɗi da dokar kariya wannan jeri suke bi. Lokacin da ake ɗaukar dukkan na gabas a matsayin major, an ga dabba ce mai faɗin mazauni, babu abin tsoro. Da aka raba, sai ga sibreei a ƴan dazuka kaɗan na kan tudu, yana matakin haɗari mafi tsanani kafin ƙarewa, ga lavasoensis a ƴan guntayen daji uku da gonaki suka kewaye. Manoman tsibirin, waɗanda yawancinsu talakawa ne, suna sare daji su ƙone don shuka shinkafa, noman da suke kira tavy, wasu kuma suna yin gawayi. Dabbar da ke kwance a kogon itace ko a ƙarƙashin ƙasa lokacin rani ba ta gudun wuta. A jerin 2020, cikin nau'in lemur 107 da aka auna, 103 na fuskantar barazana. Binciken ayarin Omaha na 2014 ya kuma nuna wasu rassan Cheirogaleus da ba a raɗa wa suna ba tukuna, suna ɗauke da lambobi kawai, kuma ba za su sami gurbin kansu a wannan jeri ba sai an kammala bayaninsu an wallafa.