Bushiya da Haƙƙin Bincike a Kan Baitulmali

A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke waɗansu shanu a tashar jiragen ruwa ta Masawa, a gaɓar Bahar Maliya, ba tare da sanin cewa sun sauke annoba tare da su ba, annobar da kafin shekara biyar ta cika ta riga ta ratsa Habasha da Sudan ta iso Barno da ƙasar Hausa, tana halaka kusan tara cikin goma na garken da ta faɗa wa. Wannan ita ce bushiya. Saniya takan fara da zazzaɓi, idanunta su yi ta zubar da hawaye, bakinta ya cika da gyambo har ta kasa cin ciyawa, sa'an nan zawo ya sarƙe ta, cikin kwana goma sai mushe. Bafulatanin da ya shiga damina da shanu ɗari yakan fita da sandarsa kawai.

To, wa zai biya kuɗin neman maganin irin wannan musiba? Makiyayi ba shi da hali, attajiri kuwa, komai kyawun niyyarsa, ba zai zuba dukiyarsa shekara talatin cikin aikin da ba a san ranar gama shi ba, wanda kuma idan ya yi nasara, amfaninsa zai game wanda ya biya da wanda bai biya ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan aiki, suna kiransa farillar kifaya, watau wajibin da idan waɗansu suka tsaya da shi ya sauka daga wuyan saura, idan kuwa aka rasa mai yi, alhaki ya hau kan jama'a duka. A ganina binciken kimiyya yana cikin wannan babi, kuma babu mai iya ɗaukarsa a madadin al'umma sai baitulmali, inda harajin manomi da jangalin makiyayi suke taruwa.

Da kuɗin hukuma aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Vom a 1924, kuma bushiya ce babban dalilin kafa shi. Rigakafin farko yana da haɗari, domin akan yi wa saniya allurar jinin mai cuta tare da ruwan jinin wadda ta warke, waɗansu su tsira, waɗansu su mutu a sansanin allura, har makiyaya da yawa suka riƙa gudu da shanunsu. Da kasuwa ce mai hukunci, da nan maganar ta ƙare. Amma aka ci gaba da biyan masana albashi suna gwaji, suna kuskure suna gyarawa, har wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, wanda ke aiki a Muguga ta ƙasar Kenya, ya yi ta renon ƙwayar cutar cikin kwalabe, zuriya bayan zuriya, sai da ƙarfinta ya karye, ta zama rigakafi mai araha wanda allura guda take kare saniya muddin ranta.

A 1962 aka fara gagarumin kamfen na allura daga ƙasashen Tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, cutar ta ja da baya har aka yi zaton ta tafi. A nan ne aka yi sakacin da har yau yake ba ni takaici: da aka rufe shirin a 1976, hukumomi suka janye hannu, aka rage sa ido, aka bar maruƙa ba allura, alhali kuwa cutar tana nan laɓe a waɗansu lunguna. A 1983 ta sake auka wa Nijeriya, asarar da aka yi kuwa ta ninka abin da aka yi tsimi ninki ba adadi. Tilas aka koma aiki a 1986, aka kuma samo rigakafin da ke jure zafi ba tare da firji ba, wanda ya isa rugagen da mota ba ta zuwa. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka yi shelar gushewarta daga doron ƙasa, ita ce ta biyu bayan agana.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Legas tun 1980 cewa za su ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasashensu domin kimiyya, galibinsu kuwa har yanzu ba su cika ba. Ga shi wata cuta 'yar'uwar bushiya tana nan tana kashe awaki da tumaki, dukiyar mata da talakawa, kuma rigakafinta da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa daga ƙwayar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka yi shi. Duniya ta sa 2030 wa'adin kawar da ita, amma cika wannan wa'adi yana bukatar ɗakunan bincike masu wuta da ruwa, da masanan da ake biya a kan kari, da kasafin da ba a yanke shi duk shekarar da farashin man fetur ya faɗi.