Cuku: Rumbun Madarar da Ba Mu Gina Ba a Ƙasar Gummi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gummi ya san shekarar madara kashi biyu ce. Da damina, idan ciyawa ta rufe daji, matan Fulani kan shigo gari da ƙore shaƙe da nono da kindirmo, har la'asar ta yi wata ba ta sayar da rabi ba, tana karya kuɗi don kada ta koma ruga da kayanta. Da bazara kuwa, idan shanu sun rame, nonon kirki sai an yi kamun ƙafa, kuma sau da yawa abin da ke cikin ƙwaryar madarar gari ce aka dama ta kwana. Manomin gero yana da rumbun da yake tara albarkar kaka. Mai shanu a wajenmu, in ka cire man shanu, ba shi da inda zai ajiye yalwar damina. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da samun nasu rumbun, shi ne cuku.

A hannun Buzaye fatake da ke shigowa Sakkwato ta Illela na fara saninsa. Falle ne mai kusurwa huɗu, fari mai ratsin ruwan ɗorawa, ga sawun karan tabarma kwance a jikinsa layi-layi. Idan ka karya sai ya yi ƙas. Farkon tauna kamar babu ɗanɗano, sai can maiƙon madara ya cika maka baki. Suna cinsa da shayi, ko su daka shi da gero da dabino su dama, ya zama guzurin matafiyi.

Matan Buzaye da na Fulani ne ke yinsa, musamman a yankunan Tawa, Abalak da Dakwaro. Da an tatso madara, tun tana da ɗuminta, sai a zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi wanda bai fara cin ciyawa ba. A cikin tumbin nan akwai sinadarin da Allah ya halitta don daskarar da nonon uwa a cikin jariri, kuma aikin da yake yi ke nan a ƙwarya. Idan madarar ta kama, sai a kwashe a shimfiɗa kan 'yar tabarmar kara, a danna da hannu ruwan ya tsiyaye, a ɗora a sama iska da rana su busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kusan kashi 87 cikin 100 na madarar saniya ruwa ne, kuma ruwan ne ke sa ta saurin lalacewa. Da an raba ta da shi, abin da ba ya iya wuni lafiya sai ya yi watanni.

Akwai hanya ta biyu, kuma maganinta yana tsaye a bakin kowace hanya daga Gummi zuwa Bukkuyum da Anka: tumfafiya. Fulanin Kwara da Oyo da arewacin Benin da ita suke yin cukunsu mai laushi, wanda Yarbawa ke kira wara, mutanen Benin da Gana kuma wagashi. Ana ɗora madara a wuta kaɗan-kaɗan, a dandaƙa ganyen tumfafiya cikin 'yar madara, a tace, a juye a tukunya. Kafin ta tafasa sosai za ka ga fararen gudaji sun taso, ruwa mai ɗan kore-kore ya ware gefe. Sai a kwashe cikin ƙananan kwanduna ya tsane. Lita biyar ta madara kan ba da kimanin kilo ɗaya. A Benin har rina bayansa suke yi ja da karan dafi, wanda dukawanmu ke rina fata da shi. Wannan cukun ba ya narkewa a mai, don haka ana soya shi a ci da yaji ko a jefa a miya maimakon nama. Sai dai ba ya jure ajiya kamar busasshen, kuma ƙaron tumfafiya yana da dafi, yana illa ga ido. Sana'a ce ta koyo a gaban gwana, ba ta gwaji da ka ba. Awarar waken suya da 'yan mata ke soyawa a bakin titi da yamma dabararta ɗaya da wannan, ke nan hannun matanmu ya riga ya saba da rabin aikin.

Abin da ya ƙara jan hankalina shi ne, cukun da masu kuɗin duniya ke rububi a kansa ba wani sihiri ba ne daban. Madara ce, da abin daskararwa, da gishiri, da haƙuri. A Italiya, Parmigiano Reggiano guda ɗaya yana cin madara kimanin lita 550, nauyinsa ya kai kilo 40, kuma ba ya samun wannan suna sai ya yi aƙalla wata 12 a ɗakin ajiya. A Faransa, Roquefort da madarar tumaki ake yinsa, a ajiye shi cikin kogunan dutse har wata irin fumfuna mai tsafta ta ratsa shi shuɗi-shuɗi. Tun 1925 doka ta hana kowa kiran cukunsa da wannan suna in ba a can aka nunar da shi ba. Halumi na tsibirin Saifurus kuwa soya shi ake yi kamar wara. Abin da suka fi mu shi ne, sun tsare tsafta, sun tsayar da ma'auni, sun ɗaure sunan kaya da sunan ƙasarsu.

A nahiyarmu ma an gwada. A Muritaniya, Nancy Abeiderrahmane ta kafa kamfanin Tiviski a Nuwakshot a 1989, tana sayen madara daga makiyaya, har suka kai ga yin cukun madarar raƙumi mai suna Caravane, duk da madarar raƙumi tana da wuyar daskarewa. Hukumomin Nijar kuma sun sanya cuku cikin kayan ƙasa da suka nemi kare sunansu, tare da kilishi, albasar Galmi da fatar jar akuyar Maraɗi. Mu kuwa, a 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 duk shekara wajen shigo da madara da dangoginta.

Na san halin da muke ciki. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga sun tashi rugage da ƙauyuka da yawa a yammacin Zamfara, kuma babu cuku inda babu saniya. Amma wannan ma dalili ne. Matar da aka bar ta da shanu uku ko awaki biyar, wadda zuwa kasuwa kullum ya zame mata kasada, ita ta fi kowa bukatar abin da za ta tara ta sayar lokacin da hanya ta yi kyau.

Sharaɗin farko shi ne lafiya. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da bakkale, don haka a dafa ta zuwa zafin digiri 63 na minti 30, a bari ta huce kafin a zuba ruwan tumbi. A tabbata tumbin na dabbar da aka yanka ne bisa shari'a, a wanke ƙore da tabarmi, a rufe shanya da raga saboda ƙuda da ƙura.

Ba masana'anta ake bukata don farawa ba. Ƙungiyar mata guda a Gummi, da malamin dabbobi mai duba shanun, da gwana ɗaya daga Tawa ko Ilori da za ta zauna da su damina ɗaya, sun isa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ina kira ga ƙananan hukumomin Gummi, Anka da Bukkuyum, da masarautunmu, su sanya wannan cikin sana'o'in da ake koya wa mata, domin kuɗin da za a kashe kaɗan ne, amfanin kuwa zai shiga tukunyar miyar marayu da zawarawa.