Dusar Inabi Ta Zama Abin Tace Ruwa

Kowace shekara in kaka ta yi a Italiya da Faransa da Sifen, akan tsinke inabi a kai shi wurin matsa. Ƙasashen nan uku su ke yin kusan rabin giyar inabin duniya duka. To, mu ba giyar ce ta dame mu ba, kowa ya san hukuncinta a wurinmu. Abin da mu ke so mu ba malamai da akawuna labari shi ne abin da ya ke saura a ƙasan matsa, watau ɓawo da 'ya'ya da tsinke, kamar yadda tunkuza kan saura bayan an matse man gyaɗa. Bari mu kira shi dusar inabi. Nauyinta kan kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na inabin da aka matse, watau tan miliyoyi ke nan a shekara.

Tun da daɗewa akan fid da mai daga 'ya'yan, a ba dabbobi wani abu, a yi taki da wani. Duk da haka ba ta ƙarewa. In aka jibge ta a fili sai ta yi tsami, ta tara ƙuda, ruwanta ya gangara rafi ya ɓata shi. Dabbobi ma ba su jure cinta da yawa, don akwai wani sinadari mai bauri a ciki, ana ce masa tanin. Shi ne kuwa baurin da ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jima da ita. Abin mamaki, wannan baurin da ya rage wa dusar daraja, shi masu ilmin kimiyya suke nema yanzu.

Suna nemansa don yin waɗansu ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai, waɗanda akan auna da nanomita. In aka raba mita ɗaya gida miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum kan kai wajen nanomita 80,000. Me ya sa ake son su ƙanƙance haka? Ga lissafi, malamai su gwada a allo. Curin ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane gefe, faɗin jikinsa duka santimita murabba'i 6 ne. In aka yayyanka shi ƙwaya-ƙwaya, kowace mai nanomita 10, nauyi bai ƙaru ba, amma faɗin jikin ya zama mita murabba'i 600. Dauɗar ruwa kuwa a jiki ta ke mannewa, saboda haka yawan jiki, yawan kamu. Kowace mace ta san dakakkiyar kanwa ta fi curi saurin aiki a tukunya.

Aikin ba sabo ba ne. Tun cikin 1857 wani Baturen Ingila, Michael Faraday, ya yi irin waɗannan ƙwayoyi da zinariya, ruwan ya juye ja wur, har yau kuwa kwalabensa suna ajiye a Landan. Amma shi da yawancin waɗanda suka biyo bayansa da magunguna masu haɗari suka yi aiki, ga tsada, ga guba. Cikin 1998 waɗansu mutum biyu na Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka tsara ƙa'idodi 12 na yin aikin kimiyya ba tare da an ɓata ƙasa da ruwa ba. Irin wannan tunani ne ya kai mutane ga juji.

Ga yadda akan yi. A shanya dusar, a niƙa, a dafa da ruwa, a tace. Sa'an nan a zuba ruwan cikin narkakken gishirin azurfa ko na ƙarfe. Ba a jimawa sai launi ya sāke: na azurfa ya yi ruwan ƙasa, na ƙarfe ya yi baƙi ƙirin. Tanin da 'yan'uwansa su suka fid da ƙwayoyin daga gishirin, su kuma suka lulluɓe su don kada su dunƙule. Ƙwayoyin azurfa suna kashe ƙwayoyin cuta. Na ƙarfe suna kashe launin rini da ke fitowa daga masaƙu, suna kuma juya wani irin kuromiyam mai guba ya koma mai sauƙin lahani. Akwai irin da maganaɗisu ke ja, in sun gama aiki sai a janye su daga ruwan. Ragowar dusar kuma a toya ta ta zama gawayi mai kama dalma.

Amma fa kada a yi gaggawar murna. Yawancin aikin nan a ɗakin gwaje-gwaje ya ke tukuna, kuma abin da ya yiwu a kwalba ba lalle ne ya yiwu a madatsar ruwan gari ba. Dusar bana ba ta zama daidai da ta bara, don haka ƙwayoyin ma kan bambanta. Ita kuma azurfar da ke kashe cuta, in ta kuɓuce ta shiga kogi, tana kashe kifi. A ganinmu wannan shi ne babban cikas, ba za mu so a sa abin a ruwan sha ba sai an tabbata ana iya kwashe shi tas.

Mu nan ba mu da jujin inabi, amma muna da majemu da marina da ke zubar da ruwa a kogin Challawa a Kano, muna kuma da bagaruwa jingim. Malamin da ke son yaransa su ga tushen al'amarin da idonsu, sai ya dafa bagaruwa, ya tace, ya jefa tsatsattsiyar ƙusa a ciki, a bar ta ta kwana. Baƙin da za su tarar da safe, haɗuwar tanin ce da ƙarfe, irin wadda dukawa ke baƙanta fata da ita.