Yini guda a taron masu zanen labarai na Legas, da gurbin da ke jiran matasan Kura

Tun daga shekarar 2012 matasa ke yin dafifi a Legas domin taron Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba, mai kamfanin katun na Spoof Animation, ya assasa. Taro ne na masu zana labarai a littafi, da masu haɗa katun da wasannin bidiyo, da kuma masoyansu. A 'yan shekarun nan an fi yin sa a watan Satumba, a zauren Landmark da ke Victoria Island.

A Kura da Bunkure kuwa, Satumba wata ne da shinkafa ke fitar da kai, hankalin kowa na kan korar tsuntsu. Tsakanin can da Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000. Duk da wannan nisa, abin da ake saye da sayarwa a zauren ya shafi duk yaron da ke cika bayan littafin lissafinsa da zanen dawaki da mayaƙa, malami na yi masa faɗa.

Daga hantsi zuwa azahar

Tun da hantsi layi ke miƙewa a bakin ƙofa. Da mutum ya shiga, zai ga kamar kasuwar baje koli ce: tebura a jere, kowane mai zane na zaune a bayan hajarsa, ga littattafai, ga fosta, ga riguna masu hoton jarumai. Wani zai zana fuskarka nan take ka biya shi. Wani kuma littafi ɗaya tak ya kawo, wanda ya buga da kuɗin aljihunsa, yana ta bayani ga duk wanda ya tsaya.

Hayaniya ta fi yawa a ɓangaren gasar wasannin bidiyo. Sai dai mai neman abin yi ya fi amfana da zaman tattaunawa, inda waɗanda suka daɗe a sana'ar ke magana a kan kuɗin ɗab'i, da haƙƙin mallaka, da yadda ake tallata labari ga kamfanin fim. A nan ne matashi ke samun damar buɗe jakar zanensa a gaban wanda zai iya ba shi aiki, ko ya nuna masa inda hannunsa bai faɗa ba tukuna.

Asalin irin wannan taro daga Amurka ne. Na birnin San Diego ya fara a 1970 da mutum kimanin 300, yanzu kuwa masu halartarsa sun haura 130,000. Na Legas bai kai nan ba, amma 'yan Najeriya sun fara cin moriyar sana'ar. Kamfanin Comic Republic na Jide Martin, wanda aka kafa a 2013, ya yi suna da sakin labaransa kyauta a intanet. Kamfanin Kugali kuma ya haɗa hannu da Disney suka fitar da katun ɗin Iwájú a watan Fabrairun 2024, labarin wata Legas ta nan gaba.

Tashe a cikin zaure mai sanyi

Abin da ya fi jan masu ɗaukar hoto shi ne gasar shigar kwaikwayo. Matasa kan ɗinka kaya irin na jarumin da suke so, wani Spider-Man, wani Black Panther, wani Naruto na katun ɗin Japan, su hau dandamali suna kwaikwayon tafiyarsa da tsayuwarsa, alƙalai na ba da maki.

Bahaushe ba zai daɗe yana kallo ba zai gane wasan. Duk wanda ya taso a Kano ya ga yaro ya manna gemun auduga, ya sa tsohuwar babbar riga, ya dogara sanda yana rawar tsufa a daren goma ga azumi. Ya kuma ga Nalako da tawagarsa suna farautar gwauraye. Tashe ke nan, illa dai na Legas tikiti ake saye, kuma jaruman galibi baƙi ne.

Gaskiya wasu daga cikin shigar ba za su karɓu a Kano ba, kuma babu dalilin da zai sa a kwaso su. Wanda ke neman kayan jarumi a Kura ba sai ya yi nisa ba. Garin ya shahara da rini da bugu tun kafin zuwan Turawa, har rawanin nan mai sheƙin baba ya ci sunan ɗan Kura, Buzaye na saye suna kai shi Agadas da gaba. A haɗa shi da sulke da lifidi irin na hawan Sallah a hau dandamalin Landmark, da wuya alƙali ya kau da kai.

Wa ke zana Sarauniya Amina?

Cikin littattafan da masu zuwa irin wannan taro suka sani akwai Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, ɗan Legas mazaunin Amurka, mai kamfanin YouNeek Studios. Jarumar sarauniya ce mai jagorantar yaƙi a wata daula da marubucin ya kira Azzaz, kuma daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya samo ta. A 2019 aka fitar da gajeren katun ɗinsa, jaruma Adesua Etomi ce ta yi muryar Malika.

Ba laifi Okupe ya yi ba, aiki ya yi, kuma ya yi kyau. Abin dubawa shi ne a cikin Turanci yaran duniya ke haɗuwa da Amina, yayin da jikokinta a Zariya ba su da irin wannan littafi da harshensu.

Kuma ba labarai aka rasa ba. Ga Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ga Barbushe a kan Dala, ga Gizo da Ƙoƙi. A rubutaccen adabi akwai Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, mai tafiya sararin samaniya. Kowannensu cike yake da faɗa da dabara da abin dariya, irin abin da mai zane ke nema. Masu hannu ma akwai: duk mai bin jaridar Daily Trust ya san yadda zanen Mustapha Bulama guda ɗaya ke yawo a wayoyi fiye da dogon sharhi.

Zane a bakin kwalbati

Wani zai ce manomin rani ina ruwansa da jarumai masu tashi sama. Kenya ta ba da amsa tun 2010, lokacin da aka fara raba mujallar zane ta Shujaaz kyauta, da harshen Sheng na matasan Nairobi. Jarumanta matasa ne na unguwa, kuma a cikin labarin ake cusa dabarun noma da kiwon kaji da ƙananan sana'o'i. Shirin ya ci kyautar Emmy sau biyu, a 2012 da 2014.

Yankin da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba ya rasa irin waɗannan labarai. Akwai rigimar mai gonar farkon magudana da na ƙarshenta a kan rabon ruwa. Akwai kachalla da ke toshe hanyar ruwa. Akwai dillali da ke zuwa da motarsa ranar da tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan. Akwai kuma tsutsar sharon da ta cinye gonakin tumatir a 2016, har kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki saboda rashin kaya. Takardar faɗakarwa kan ƙare a hannun mai ƙosai. Shafi huɗu na zane, da ya nuna yadda tsutsar ke ɓuya a cikin ganye da lokacin da feshi ke yin amfani, yaro zai karanta wa mahaifinsa, a kuma tura shi daga waya zuwa waya.

Hanyar sayarwa ma ba baƙuwa ba ce. Marubutan littattafan Hausa, waɗanda suka riƙe kasuwar Kano tun shekarun 1980, yanzu da yawansu a WhatsApp suke sakin labari shafi-shafi, mai karatu ya tura kuɗi a sa shi a rukuni. Akwai manhajojin zane kyauta irin su ibisPaint da ke aiki a wayar Android. Matsalar ita ce zane na cin lokaci fiye da rubutu, shafi ɗaya kan iya cinye yini, kuma satar fasaha ba ta bar kowa ba.

Dandalin da ya fi kusa da masu wannan sha'awa a Arewa shi ne bukukuwan littattafai, kamar KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, da bikin littattafan Hausa na HIBAF da Sada Malumfashi ya assasa a 2021. Ba tarukan masu zane ba ne zalla, amma wurare ne da mawallafa da masu karatu ke haɗuwa.

A Landmark, da yamma ta yi akan raba kyaututtuka, masu tebura su ƙirga ciniki, su mayar da ragowar littattafai cikin kwali. Wanda ya zo da tarin hotunan jarumai marasa labari yakan koma da yabo kawai. Masu ɗaukar aiki sun fi tsayawa a kan gajeren labari da aka kammala, ko da shafi takwas ne, domin shi ke nuna mai zanen zai iya fara abu ya kai shi ƙarshe. Daga ɗaukewar ruwan sama zuwa wata Satumbar, matashin Bunkure na da wata goma sha ɗaya, da dukkan kakar noman rani a gaban idonsa, ya zana nasa shafi takwas ɗin.