Kangon Caerlaverock: Gidan Yaƙi Mai Kusurwa Uku a Iyakar Skotland

A kudu maso yammacin Skotland, kusa da garin Dumfries, inda kogin Nith yake shiga mashigin tekun Solway, akwai kangon wani gidan yaƙi da ake kira Caerlaverock. Zuriyar Maxwell ce ta gina shi da jan dutse a wajajen shekarar 1270, bayan ta bar wani tsohon gini da ke kudu da shi kaɗan, wanda dausayi ya hana harsashinsa zama.

Fasalinsa ne ya fitar da shi daban, domin kusurwa uku gare shi, ga kuma gwalalo mai ruwa da ya kewaye ganuwar. A kusurwar arewa aka yi ƙofar shiga tsakanin tagwayen hasumiyoyi, sannan kowace kusurwa ta kudu aka kafa mata hasumiya guda, ta yadda 'yan tsirarun dakaru za su iya tsare kowane ɓangare. An gwada ƙarfin wannan tsari a 1300, lokacin da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya yi wa gidan ƙawanya da mayaƙa kusan 3,000. Mutum 60 kacal ne a ciki, kuma ba su miƙa wuya ba sai da aka dinga yi musu luguden duwatsu da manyan majaujawa.

Sai dai ɓangaren da ya fi cancantar nazari ba na yaƙi ba ne. Bayan haɗewar sarautun Skotland da Ingila a 1603, iyaka ta lafa. A wajajen 1634 Robert Maxwell ya gina masauki na ƙasaita a cikin farfajiyar, mai jerin tagogi, da sassaƙen tambarin zuriya da labarun gumakan Girkawa a saman kowace taga da ƙofa. Gini ne na wanda ya sakankance cewa zamanin hari ya wuce.

Hasashen bai yi daidai ba. Maxwell ɗan Katolika ne, mai biyayya ga Sarki Charles na Ɗaya, don haka a 1640 rundunar Furotesta da ake kira Covenanters ta tsare gidan tsawon mako 13. Da ya faɗa hannunta, sai ta rushe bangon kudu da gangan don kada a sake fakewa a bayansa. Masaukin da bai wuce shekara shida ba ya zama kufai, kuma ta wannan giɓi ne mai ziyara yake hango sassaƙen nasa a yau.