Doguwar Gaisuwa a Mahangar Kimiyyar Halittu

Sau da yawa akan ji matasan yau suna ƙorafin cewa gaisuwar Bahaushe ta cika tsawo. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali da aiki da sanyi, alhali kuwa kowa ya san amsar tun kafin a buɗe baki. To, mene ne amfanin tambayar da aka riga aka san amsarta? Kimiyyar halittu tana da abin cewa a nan.

Masu nazarin ɗabi'un dabbobi sun daɗe da lura cewa birai kan zauna biyu-biyu, ɗaya yana bin gashin ɗan'uwansa da yatsu yana cire masa datti da kaska. Wani nau'in biri mai suna jelada, wanda ke zaune a tsaunukan ƙasar Habasha, yakan ɓatar da kusan kashi 20 cikin 100 na yininsa a kan wannan aiki. Tsafta kaɗai ba ta buƙatar lokaci mai yawa haka. Bincike ya nuna cewa wannan shafa tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin endofin mai kwantar da hankali, bugun zuciya kuma ya sassauta. Bugu da ƙari, biran da suka saba yi wa juna haka sun fi kawo wa juna ɗauki ranar faɗa.

A shekarun 1992 da 1993, wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya kwatanta girman ƙwaƙwalwar birai da yawan garkensu, ya ƙiyasta cewa ɗan Adam zai iya riƙe dangantaka ta sosai da mutane kimanin 150. Da a ce ta hanyar shafa za a kula da jama'a mai yawa haka, da aikin ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na yini, noma da neman abinci sun tsaya. A ganinsa, magana ce take yi wa mutum wannan aiki cikin sauƙi. Masana suna ci gaba da muhawara kan adadin, amma ra'ayin ya haska mana wani abu. Wanda ya tsaya ya ce maka "ina gajiya?" ya ba ka lokacinsa da hankalinsa, ya kuma shaida maka cewa igiyar da ke tsakaninku ba ta tsinke ba.

Al'amarin ya shafi lafiyar jiki ma. A shekarar 2010, Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta a Amurka sun tattara sakamakon bincike 148 da suka ƙunshi mutane fiye da 300,000. Sun gano cewa masu ƙaƙƙarfar dangantaka da jama'a sun fi waɗanda ke cikin kaɗaici damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin 100, tasirin da suka kwatanta da na barin shan taba.

Yanzu wayar hannu ta sa mutum yakan wuce maƙwabcinsa kai a sunkuye, ya kuma aika gaisuwa ɗaya ga mutum ɗari a lokaci guda. Waɗanda suka fi cutuwa su ne tsofaffi, domin da yawansu gaisuwar safe ita ce hirarsu ta yini. Saboda haka, mai karatu, idan ka iso zauren wani dattijo gobe da safe, ka sa wayar a aljihu, ka durƙusa ka gaishe shi har gaisuwar ta kai ƙarshenta. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake.